Rufi Hamsin a Kayaba

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san magudanar ruwan Kayaba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce wadda bas take zuwa bakinta ta juya da sauri, kamar direban ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Ta wannan gefen akwai komai: makaranta, kantin da ba ya rufewa, likitocin haƙori har biyu, gidaje kafaɗa da kafaɗa. Ta wancan gefen kuwa, wato Kayaba, sai gonakin shinkafa, da tsofaffin rufi, da tsofaffin mutane a ƙarƙashinsu. Faɗin magudanar bai wuce taku uku ba. Baƙo zai ɗauka haka aka halicci wurin. To, ba haka ba ne. Mutum ne ya yi shi da jan fensir, kuma mutumin yana nan da ransa a ƙarshen Kayaba, shekarunsa tamanin da ɗaya, sunansa Numajiri Genzo.

A shekarar 1970 yana ɗan ashirin da shida, ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin tsara gari, kuma ba don iya baki aka ɗauke shi ba, don hannunsa ba ya rawa ne. A lokacin doka ta sauko cewa kowane gari ya raba ƙasarsa biyu. Kashi ɗaya inda ake so gari ya yaɗu, a kai titi da famfo da kwata, mai fili ya yi gininsa. Ɗaya kashin kuma a ja masa linzami, a bar shi gona, kada a kafa ko ginshiƙi ɗaya sai da hujja mai ƙarfi. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. In aka bar kowa ya yi gini inda ya ga dama, za a wayi gari da gida a tsakiyar fadama yana kukan a kawo masa titi, da masana'anta a jikin tagar makaranta. Manya suka shafe wata da watanni suna zama suna shan shayi a kan inda iyakar za ta bi. Da suka gama, aka miƙa wa Genzo taswira da fensir.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, don mutanen Kayaba ba za su faɗa ba. Dattawansu ne da ƙafarsu, har da mahaifin Genzo, suka sa kwat ɗinsu na zuwa jana'iza, suka je ofis suka roƙi a bar su a waje. Suka ce su manoma ne, ba sa son harajin 'yan birni, ba sa son baƙi su cika musu hanya. Bayan haka aka kafe taswirar a bangon ofis mako biyu cur, duk mai ƙorafi ya zo ya rubuta. Mutum biyu suka shigo, ɗayansu ruwan sama ne ya koro shi. Amma mantuwar Kayaba mai zaɓi ce, ta san abin da take ɗauka da abin da take bari.

Ranar wata Alhamis da safe Genzo ya ja layin. Sau uku ya feƙe fensirin, domin a irin wannan taswira kaurin layi kaɗai yana iya cinye wa mutum mita biyu na gonarsa, shi kuwa ba ya son cin haƙƙin kowa. Ya bi magudanar tun daga gada har gindin dutse. Sannan ya shafa launi a ɓangaren gari: kore inda za a yi ƙananan gidaje, rawaya inda aka yarda da benaye da ɗan shago, ja-ja a bakin tasha don kasuwanci, shuɗi can nesa don masana'antu. Da ya zo kan Kayaba sai ya ajiye fensiran, saboda ɓangaren da aka ja wa linzami ba shi da launi, fari ake barinsa. Ranar ya koma gida zuciyarsa fes. A ganinsa ya ceci gonakin ubansa da na maƙwabta, kuma gaskiya ya cece su. Suna nan har yau, masu nomansu ne suka ƙare.

A ofis ana kiran wannan aiki senbiki, wato jan layi, kuma kafin shekara goma sunan ya manne masa. Da waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin launi suka fara sayarwa suna sauya motoci, da aka buɗe makaranta a ɓangaren gari aka rufe ta ɓangaren gona, sai Kayaba ta tuna cewa ɗanta ne ya riƙe fensirin. Ba wanda ya zage shi, mu ba ma haka. Sai dai in ya shigo taron unguwa hira ta ɗan lafa, in ana zuba giya a bikin kaka a tsallake kofinsa kamar da kuskure. Duk ya gani, ya haɗiye.

Shekara talatin da huɗu ya yi a bayan kantar ofis yana karɓar masu neman izinin gini, kuma a can ya ƙware a kan maganar da ta zama masa kamar numfashi. A wajenmu ba a ce wa mutum a'a ido da ido, balle a ofis. Sai ka karkata kai, ka ja iska ta tsakanin haƙora, ka dubi takardar kamar tana ba ka tausayi, ka ce, "Za mu duba." Mai hankali ya san an gama magana. Zai sunkuya ya yi godiya, kai ma ka sunkuya, kowa ya tafi da mutuncinsa. Genzo ya faɗe ta sau dubbai ba ta taɓa hana shi cin abinci ba. Sau ɗaya ne ta tsaya masa a rai.

Maƙwabcinsa ne na jikin katanga, Iizuka Sakuji, ya zo da ɗansa Noboru a shekarar 1983. Noboru ya koyi aikin ƙarfe, walda da yanka da ƙera sassan inji, uban kuma yana so ya gina masa ɗan wurin aiki a gefen gonarsu don ya zauna a gida. Saurayin ya tsaya a bayan ubansa cikin kwat na aro, hannuwan rigar sun rufe masa yatsu. Genzo ya san amsar tun kafin su zauna: masana'anta a farin ɓangare ba ta yiwuwa, ko da ba ta fi akurki ba. Ya karkata kai, ya ja iska, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Kafin dashen shinkafa Noboru ya hau jirgin ƙasa zuwa birnin Nagoya. Tun daga nan sai dai a gan shi a sabuwar shekara, wata shekarar ma muryarsa kawai ake ji a waya.

Sakuji ya daɗe da rasuwa. Matar Genzo ma, Fusae, shekara tara ke nan da ta tafi. 'Yarsu guda tana aure can nesa a Hokkaido, takan kira in an yi girgizar ƙasa ta ji ko yana nan. Gidaje huɗun da ke bayan nasa duk a kulle suke, ciyawa ta kai taga. Kullum da safe yakan dafa shinkafa kofi ɗaya, ya ɗebi cokali guda ya ajiye a gaban hoton Fusae, ya gaya mata yadda sama take yau, ya ci sauran a tsaye. Akwai ranakun da wannan ce kaɗai maganar da ke fita daga bakinsa. Kaɗaici yana cinsa ƙwarai, kuma ba ya gaya wa kowa, don a ganinsa wanda ya ja layin ba shi da bakin kuka.

Abu ɗaya ne yake kawo ƙafar mutum ƙofarsa, shi ne allon sanarwa. Sau biyu a wata shugaban unguwa yakan maƙala takardu a allo, ranar kwasar shara, ranar yasar magudana, wane ya rasu, sai allon ya bi gida-gida. A samansa akwai jerin sunaye, kowa ya karanta ya buga hatiminsa a gaban sunansa, ya kai wa na gaba. Sunan Genzo ne na ƙarshe. Wanda ke samansa na Iizuka Tome ne, matar Sakuji, mai shekara tamanin da takwas. Takan taho tana tura 'yar kekenta ta tsofaffi, bayanta a ranƙwafe, amma bakinta ko kaɗan bai tsufa ba.

"Gen-chan, kana ciki ko ka mutu?" Sallamarta ke nan daga bakin ƙofa, da sunan wasan da take kiran Genzo.

"Ina nan, Tome-san. Shigo ki sha shayi."

"Shayin nan naka mai kama da ruwan wanke shinkafa? Bari dai in zauna, ƙafata ce ta gaji, ba don kai ba." Sai ta zauna a dakalin katako, ta miƙa masa allon da ɗan ƙunshin yalo mai gishiri. "Ungo. Na yi ne ya yi min yawa, ga shi ba ni da kaji."

"Na gode."

"Karanta ka gani, an sake rage mana bas. Sau uku a rana yanzu. Aikin hannunka yana kyau, Mai Layi."

Yakan yi murmushi ya buga hatimi. Shekara arba'in tana caccakarsa haka. Amma da za a tambaye shi, zai ce a duk wata ba shi da ranaku biyun da suka kai waɗannan.

Bara da bazara ne wani Morooka da matarsa Chinatsu suka ɓullo. Shi direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, ita tana aiki a gidan burodi, suna zaune a ɗaki guda a wani bene kusa da tasha. Sun zo neman inda za su ɗan shuka tumatir ranar hutu, Genzo ya ba su kunya uku a filin da ke jikin gidansa. Ba su iya komai ba. Morooka ya shuka albasa kai a ƙasa, matarsa ta yi mako biyu tana ba wata ciyawa ruwa da taki. Amma suna surutu, suna dariya, suna leƙowa su roƙi aron fartanya, kuma Genzo ya tsinci kansa yana aske gemu tun ranar Asabar saboda Lahadi.

Wata Lahadi cikin zafi Chinatsu ta miƙe daga kan kunya, ta dafa ƙugu tana kallon dutse.

"Numajiri-san, ka ga da mutum zai yi gida a nan, tagar kicin tana kallon can, ai ya gama morewa."

Mijin ya cire hula ya riƙe. "Gaskiya mun daɗe muna son mu yi maka maganar. Muna da ƙaruwa a hanya, ɗakin ya yi mana kaɗan. In za ka iya sayar mana da wannan filin, mu kam mun sami wurin zama."

Genzo ya san dokar kamar sunansa. A farin ɓangare ɗan gida yana iya samun izini a filin gado, baƙo kuwa babu. Ya ji kansa ya fara karkata da kansa, iska ta fara bin tsakanin haƙoransa. Sai ya dubi filin, ya ga taga da haske a cikinta, da wanki a igiya, da takalmin yaro a bakin ƙofa, taku ashirin daga nasa ɗakin. Ya miƙar da wuyansa.

"Ku ba ni mako guda," ya ce.

Ofishin ya koma sabon gini, yanzu har lamba ake ɗauka a jira. Genzo ya ɗauki tasa ya zauna a gefen kantar da bai taɓa zama ba. Wadda ta kira shi wata matashiya ce mai suna Shinozuka, ba ta san shi ba, shi ma bai ce komai a kan kansa ba.

"Baƙo ba ya gini a wannan ɓangaren, Numajiri-san. Ban sani ba ko ka san haka."

"Na ɗan sani."

"Amma akwai hanya guda. In unguwa tana da gine-gine hamsin a haɗe, tsakanin kowanne da na kusa da shi bai wuce mita hamsin ba, majalisar gari tana iya ɗaukarta a matsayin unguwar da ta riga ta kafu, a yarda kowa ya yi gida a cikinta. Layin ba zai motsa ba, taga ce za a buɗe a jikinsa. Sai unguwa ta nema da kanta, da taswira. Mu kuma a watan huɗu za mu fita mu ƙirga."

"Ko da gidan ba kowa a ciki?"

"Rufi muke ƙirgawa, ba mutane ba." Ta juya kwamfutar ta nuna masa magudanar, ga jan layin kwance a jikinta. "Wanda ya ja wannan dai hannunsa ba ya rawa. Da muka ɗora shi a kwamfuta ko gyara ba mu yi ba."

Genzo ya sunkuya ya yi godiya, ya fita ya tsaya jiran bas.

Duk kakar nan a kan hanya ya yi ta. Ya tono tsohon tef ɗinsa na awo daga rumbu, ya goge tsatsar. Awo aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya ja, shi kuwa ƙusa ce abokiyar aikinsa. Ya kafa ta a gindin bango, ya maƙala tef, ya ja da baya har bangon gaba, ya rubuta, ya dawo ya cire ƙusar. Mutane suna leƙensa ta bayan labule suna cewa Mai Layi ya sake tasowa, ko wa za a ci wannan karon. Bai kula ba. Gidaje arba'in da huɗu ya samu a dunƙule ta yamma, wajen wurin ibada. Daga na ƙarshensu zuwa gidan Tome mita arba'in da huɗu. Daga gidan Tome zuwa nasa arba'in da bakwai. Sai nasa, sai huɗun nan na bayansa da ba kowa. Ya ƙirga daga yamma, ya sake ƙirgawa daga gabas, ya kuma ƙirga da wake a kan tebur don kada son rai ya yaudare shi. Hamsin cif, ba ƙari ba ragi.

Ya zana taswirar da hannunsa, shugaban unguwa ya buga hatimi yana ta mamaki. Morooka kuwa bai iya haƙuri ba, ya zo ya kafa turaku huɗu a filin ya zagaye su da igiya, ya ce nan ne falo, nan ne kicin. Rabon Genzo da farin ciki irin wannan tun Fusae tana da rai.

Da Tome ta kawo allo ta ga turakun, sai ta taɓe baki.

"Wai kai ka kulle ƙofa, kai ne kuma kake rarrafe kana neman mabuɗi?"

"Gidanki ne ya haɗa mu da sauran, Tome-san. Ba don shi ba, da babu hamsin."

"Ashe ina da amfani. To sai ka riƙa gaishe ni da kyau, ka kuma ƙara ganye a shayin nan."

A watan sha biyu ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya tsage. Noboru ya zo daga Nagoya, ya dubi uwar, ya dubi gidan, ya yanke shawara irin ta ɗa nagari: ya samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Gidan kuma ya ce rushe shi zai yi, don ba zai iya zuwa yankan ciyawa daga Nagoya ba. Ga shi majalisa tana tallafa wa mai rushe gidan da ba kowa, amma wa'adin ƙarshen watan uku ne. Abin takaicin, teburin masu wannan tallafi yana bene ɗaya da na Shinozuka, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ɗaya yana ƙirga rufi, ɗaya yana biya a sauke shi, kuma kowannensu aikinsa yake yi tsakani da gaskiya.

Rana ta biyu ga sabuwar shekara Genzo ya sa kwat, ya ɗauki kwalin alewa da taswirarsa, ya taka mita arba'in da bakwai ɗin nan. Noboru ya tare shi da fara'a. Yanzu dattijo ne mai furfura da ɗan tumbi, shekara sittin da uku. Tome tana kwance a ɗakin ciki, an bar ƙofar a buɗe. Genzo ya durƙusa a kan tabarma ya shimfiɗa taswirar.

"Noboru-kun," ya fara, kamar yadda yake kiransa tun yana yaro, sai ya gyara zuwa kiran girmamawa. "Noboru-san. Alfarma na zo nema."

Ya yi masa bayanin hamsin ɗin, da mita hamsin ɗin, da ma'auratan, da cikin da ke jikin matar. Ya ɗora yatsa a kan gidan da suke zaune a ciki.

"Jinkirin wata ɗaya kawai nake roƙo. Ka bar rufin nan a tsaye har a ƙirga. Bayan nan ka yi yadda ka ga dama." Sannan ya sa hannuwa biyu a tabarma ya sauke goshinsa. "Kuma akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Wurin aikin nan da mahaifinka ya so ya gina maka. Ni ne a kanta ranar. Ka yi haƙuri."

Noboru ya ɗan yamutsa fuska yana lalube, can sai ya yi dariya.

"Au, wancan shagon? Haba, Numajiri-san, ɗago kanka mana. Ni ai na manta da shi. Gara ma da bai yiwu ba, da yanzu ina nan ina yi wa kwaɗi walda."

Ba ƙarya yake ba, ya manta ɗin. Genzo ya gani a fuskarsa, kuma hakan ya fi masa ciwo a kan a ce zaginsa ya yi. Noboru ya jawo taswirar ya duba ta da girmamawa. Ya yaba kyawun zanen. Sannan kansa ya karkata, iska ta bi tsakanin haƙoransa.

"Lallai ka sha aiki. Sai dai na riga na yi magana da masu rusau, ga kuma wa'adin nan na majalisa. Amma dai za mu duba."

Duk garin nan babu wanda ya san nauyin wannan magana kamar Genzo. Bai taɓa sanin haka take a wannan gefen ba, cewa tana barinka da godiya a baki ba ka da abin kamawa. Ya naɗe taswirarsa, ya sunkuya ya ce ya gode. Noboru ma ya sunkuya.

Yana sa takalmi ya ji muryar Tome daga ciki.

"Gen-chan. Zo nan."

Ya koma ya tsaya a bakin ƙofar. Ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin bargo.

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"Da daɗi?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kau da kai wajen bango.

"Kada ka ɗauka ramuwa ce. Shi bai riƙe komai ba. Ni ce ban manta ba, don ni aka bari da ɗakinsa ina sharewa shekara arba'in. Amma na ce masa ya bar gidan, ka ji ko? Na ce a bar wa yaran nan su yi gininsu, ko kai ma ka sami mai gano gawarka da wuri. Ni ma 'za mu duba' ya ce min." Ta ja bargo. "Akwai tulun yalo a bayan kicin, ka ɗauke kafin katafila ta zo. Ba don kai ba, tulun nake tausayi."

Katafila ta zo a tsakiyar watan biyu, kwana uku ta gama. Genzo bai fita kallo ba, amma ƙarar tana shigo masa har gaban hoton Fusae. Da suka tafi ya ɗauki tef da ƙusa, ko da yake ya san abin da zai samu. Daga bangonsa zuwa gida mafi kusa ta yamma, mita ɗari da biyu. Arba'in da huɗu a can, biyar a nan, ba abin da ya haɗa su sai fili mai sawun taya.

Ya kai wa Shinozuka labarin da kansa. Ita 'yar zamani ce, ba ta karkata kai ba. Ta ce masa ba zai yiwu ba, sai kuma in an sake zama bayan shekara biyar. Ya ji wata irin godiya da ta faɗa masa kai tsaye. Bai ce mata kafin shekara biyar wasu rufin ma za su bi na Tome ba, balle ya yi maganar nasa shekarun.

Su Morooka sun zo a watan huɗu da burodi mai zafi da jaririya a zani. Sun sami gida a wani bene can cikin rawayan ɓangare, hawa na huɗu. Suka ba shi jaririyar ya riƙe, ya karɓe ta da hannun nan da ya ja layin.

"Daga barandarmu ana hango rufinka, Numajiri-san," Chinatsu ta ce. "Za mu riƙa leƙowa in an sami sarari."

Ya ce to, madalla. Wannan maganar ma ya san ta. Da suka tafi ya ga sun manta da turakunsu, igiyar ta saki tana jan ƙasa. Bai cire su ba, ya dai ɗaure igiyar.

Bayan kwana biyu ya fito da safe ya tarar da allon sanarwa a rataye a ƙofar shinge, cikin leda saboda ruwa. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya tambaya ko ya mutu. Mai kawowa ya ga nisan, ya rataye ya juya. Genzo ya shiga da shi ya zauna a dakalin katako, a gefen da ya saba zama, ya bar ɗaya gefen. Ya karanta ranar shara. Ya karanta ranar yasar magudana. Sannan ya kai ga jerin sunaye.

An soke sunan Iizuka Tome. Wanda ya soke shi ba da rula ya yi ba, kuma alƙalaminsa mai kauri ne. Layin ya taso daidai, ya karkace a hanya, ya gangaro ƙasa ya cinye rabin sunan Numajiri Genzo.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauko hatiminsa, ya hura masa iskar baki, ya danna shi a gaban rabin da ya rage.